Mai Ɗaki Shi Ya San Inda Ke Masa Yoyo

Mu da ke karatu a Jami'ar Ummul Ƙura mun saba ganin sababbin benaye suna tasowa a Makka. Abin da ya ja hankalinmu shi ne yadda ake neman izinin gina su. Mai son gini kan ɗauki ofishin injiniyoyi mai rajista, ofishin ya shigar da zanen gini da takardar fili ta dandalin Balady na ma'aikatar kula da birane, mai nema kuma yana bibiyar buƙatarsa daga wayarsa. Tsarin yana da nasa aibi, kuma 'yan'uwanmu da aka rushe unguwanninsu domin aikin Masar sun san zafin tsara birni. Sai dai mutum kan san matakin da takardarsa take.

Wannan ya sa muka waiwayi gida. Abuja ta kafa AGIS, Kaduna ta kafa KADGIS, Kano kuma tana da KANGIS domin adana bayanan filaye a kwamfuta, ga hukumar KNUPDA mai ba da izinin gini. Muna yaba wannan yunƙuri. Amma kowace gwamnati da kanta take auna nasararta, ta lissafa na'urorin da ta saya da kuɗin shigar da ta tara. Ma'aunin gaskiya yana hannun malamin makaranta da ya shekara goma yana tara kuɗin bulo. Shi ya san kwana nawa ya jira, sau nawa aka ce ya dawo gobe, nawa ya biya, kuma nawa ne aka rubuta masa a rasit.

Babban abin tsoro ma shi ne darajar takardar kanta. A watan Yunin 2023, sabuwar gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta rushe gine-ginen harabar tsohon otal ɗin Daula da shagunan Filin Idi, tana cewa gwamnatin Ganduje ta raba filayen jama'a ba bisa ƙa'ida ba. Daga baya Babbar Kotun Tarayya ta umarci a biya 'yan kasuwar Filin Idi diyyar naira biliyan 30. Ko wane ɓangare mutum yake goyon baya, darasin ɗaya ne: idan izinin da hukuma ta bayar yana mutuwa ranar da aka rantsar da sabon gwamna, to saurin kwamfuta bai amfani kowa ba. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 amana ta ɗora wa gwamna, ba ta mallaka masa ƙasar ba.

Don haka muna kira da abu uku. A tsayar da wa'adin amsa kowace buƙata, idan an ƙi a rubuta dalili. Hukumomi su riƙa wallafa, duk bayan wata uku, yawan buƙatun da suka karɓa, da waɗanda suka kammala, da ƙorafin da suka samu. Sannan a buɗe taswirar filayen makarantu da maƙabartu da masallatan Idi ga kowa, domin a hana ɓarna tun kafin a zuba tubali. Tun ran gini ran zane.

Gobe mu ne za mu koma mu nemi wannan izini. Duk ɗan takarar da ya zo neman ƙuri'armu, mu tambaye shi matsayinsa a kan waɗannan abubuwa uku. Allah Ya ba mu shugabanni masu riƙon amana.