Sayen Tsoffin Gidajen Jan Bulo a Birnin New York

A unguwar Brooklyn Heights ta birnin New York, ƙasar Amurka, akwai gidajen jan bulo masu hawa uku ko huɗu, jere bango ɗaya. Da yawansu an gina su tun kafin 1860. Yau mai son sayen ɗaya sai ya tanadi miliyoyin dala.

Ga yadda aka yi. A 1963 aka soma rushe babbar tashar jirgin ƙasa ta Pennsylvania, abin ya ɓata wa mutanen gari rai ƙwarai. Saboda haka a 1965 hukumar birni ta kafa dokar kiyaye gine-ginen tarihi, wannan unguwa kuwa ita aka fara sawa ƙarƙashinta. Wanda ya sayi gida can ba shi da ikon sake taga ko ƙofar waje sai da iznin hukuma, gyara kuma sai gwanayen magina masu tsada.

To, gidaje sun tsira, darajarsu ta hau. Amma a da ana raba su ɗaki ɗaki ana ba masu ƙaramin albashi haya, yanzu kuwa akawu da malamin makaranta sai kallo. Ya kamata masu kafa irin wannan doka su riƙa tanadar wa mazauna muhalli tun farko.