FUMFUNA BA TA TSORON ZAFI

Da kaka ta yi, duk wanda ya tsaya a Ƙofar Kaura zai ga motoci suna shiga Birnin Katsina ɗauke da buhunan gyaɗa da masara. Mun gode wa Allah da wannan arziki. Amma akwai wani ɓarawo da kan biyo kayan a cikin buhu, watau fumfuna, kuma lalle ne mu ja kunnen jama'a a kansa.

Mutane da yawa suna zaton fumfuna sai wuri mai sanyi, suna cewa zafin ƙasarmu ya ishe mu tsari. A nan akwai gyara. Gaskiya ne yawancin ire-irenta ba su iya rayuwa cikin jikin mutum, domin zafin jiki digiri 37 ne, ya fi ƙarfinsu. Shi ya sa makero da ƙyasfi suke tsayawa a fata, inda zafi bai kai na ciki ba. To, amma akwai waɗanda zafin nan ba ya hana su yaɗo. A 2009 likitocin Japan suka ba da labarin wata mai suna Candida auris da aka samu a kunnen wani majiyyaci. Tana tsira har a digiri 42, tana shiga jini, magunguna da yawa kuwa ba su kashe ta. Waɗansu masana suna ganin ɗumamar duniya ce take koya wa irin waɗannan jure zafi. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta jera iri 19 da ta ce a sa musu ido.

Wadda ta fi kusa da mu ita ce Aspergillus flavus, mai launin kore-kore, wadda take zaune cikin ƙasar gona. Ita zafi ne abokinta. Idan fari ya kama gyaɗa gab da nuna, ƙasa ta yi zafi, shuka ta raunana, kwasfa ta tsage, sai ta shige. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. In kuma aka ɗura gyaɗa a buhu da sauran danshi, aka jibge a ɗaki mai zafi, an gama yi mata shimfiɗa ke nan.

Dafin da take zubarwa, wanda ake kira afalatoksin, ba sabon labari ba ne. A 1960 talotalo fiye da 100,000 suka mutu a Ingila saboda tunkuzar gyaɗa da aka kai daga Barazil. Bayan haka masanan Samaru ta Zariya suka dukufa, suka nuna gyaɗar da gara ta huda, da wadda aka yi jinkirin busarwa, su ne dafin ya fi kamawa. A 2004 mutum 125 suka rasu a Kenya don cin masara mai fumfuna. Wanda yake cin kaɗan-kaɗan kuwa, hantarsa ce take biya, har ta kai ga sankara, balle in yana da ciwon hanta tun da fari. Abin tsoro shi ne suya ba ta kawar da dafin nan. Saboda haka ƙuli-ƙulin da aka yi da ruɓaɓɓiyar gyaɗa, ko ya soyu ƙarau, cuta ce ake sayar wa yara.

Maganin abin yana hannunmu. Manomi ya cire gyaɗa da zarar ta nuna, ya shanya a kan tabarma ko leda har ta yi ƙara in an girgiza. Ɗan kasuwa ya ɗora buhuna a kan katako, iska tana ratsawa. Uwargida ta tsince baƙaƙe da masu ɗaci ta binne, kada ta ba kaji ko awaki, kada ta sayar da araha. Malaman gona su sanar da manoma Aflasafe, wanda cibiyar IITA ta Ibadan ta haɗa, ana watsa shi a gona kafin shuka ta yi fure. Hukuma kuma ta riƙa auna kayan kasuwa.

Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.