RA'AYINMU: Maganar Bindiga a Ƙasar Zuru, An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

A wannan wata muna so mu tsoma baki a cikin wata muhawara da ta daɗe tana kai-kawo a majalisun jama'ar ƙasar Zuru, tun daga bakin kasuwa har zuwa ƙofar masallaci bayan sallar Isha'i. Muhawarar kuwa ita ce: shin dokar hana mallakar bindiga tana rage kisa da fashi, ko kuwa ɗaure hannun mutanen kirki kawai take yi ta bar su ga azzalumai? Wasu daga cikin 'yan uwa suna ganin a sakar wa kowa mara ya nemi makami. Wasu kuma suna ganin yawan bindiga shi ne ya jefa mu cikin wannan hali, saboda haka a ƙara tsananta doka. Kowane ɓangare yana da gawar da zai nuna a matsayin hujja, shi ya sa maganar ba ta wasa ba ce.

Mai karatu bai manta da farkon watan Yunin 2021 ba, lokacin da 'yan bindiga suka afka wa ƙauyukan Danko/Wasagu, har rundunar 'yan sandan Jihar Kebbi ta tabbatar da mutuwar mutum 88. Bai manta da Maris na 2022 ba, da aka yi wa 'yan sa kai kwanton ɓauna a yankin Sakaba aka kashe wajen mutum 60, sannan bayan kwana biyu aka kashe jami'an tsaro 19 a Kanya, 13 daga cikinsu sojoji. Sai kuma asubahin 17 ga Nuwamba, 2025, da aka shiga makarantar 'yan mata ta Maga, aka kashe mataimakin shugaban makarantar, aka yi awon gaba da ɗalibai 25. Allah Ya jiƙan Musulmin da suka rasu, Ya ba dukkan iyalan haƙuri. Harsashin ɓarawon daji dai bai tambayi kowa addininsa ko ƙabilarsa ba kafin ya same shi.

To, duk wannan ɓarna an yi ta ne a ƙasar da dokar bindigarta take da tsanani ƙwarai a kan takarda. Dokar Makamai ta 1959 ta kasa bindigogi kashi uku. Makaman yaƙi irin su AK-47 ba mai ikon riƙe su sai da izinin Shugaban Ƙasa. Bindigar farauta ta zamani lasisinta yana hannun Sufeto Janar na 'Yan Sanda. Bindigar toka kuwa, wadda maƙeranmu suke ƙerawa, al'amarinta yana ƙarƙashin Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha. Ta fuskar hukunci ma ba a yi sassauci ba. A 1970, bayan yaƙin basasa ya bar makamai barkatai a hannun mutane, gwamnatin Janar Gowon ta kafa dokar harbe ɗan fashi da makami. An harbe Oyenusi a bainar jama'a a Legas a 1971, an harbe Anini a 1987, amma fashi bai ƙare ba. A Maris na 2021 Shugaba Buhari ya ba da umarnin a harbe duk wanda aka gani da AK-47 ba bisa ƙa'ida ba. Bayan wata uku da wannan umarni aka yi kisan Danko/Wasagu. A Agustan 2023 kuma Sufeto Janar na lokacin, Kayode Egbetokun, ya dakatar da ba da lasisin bindiga gaba ɗaya. Muna tambaya: wane ɓarawon daji ne ya taɓa zuwa ofishin 'yan sanda neman lasisi, balle dakatarwar ta shafe shi?

Masu goyon bayan tsananta doka sukan kawo misalin Ingila da Ostireliya, kuma ba laifi mu duba su. A 1996 wani mutum ya kashe yara 16 da malamarsu a garin Dunblane, sai Birtaniya ta haramta wa farar hula ƙananan bindigogin hannu a 1997. A wannan shekara ta 1996 ɗin aka kashe mutum 35 a Port Arthur, sai gwamnatin Ostireliya ta saye bindigogi kimanin 650,000 daga hannun jama'a ta lalata su. Mace-macen da bindiga ke jawowa sun ragu a can bayan haka, ko da yake masana na jayayya a kan nawa ne rabon dokar a ciki, tun da dama sun fara raguwa. A Amurka kuwa, inda bindigogin da ke hannun farar hula suka fi mutanen ƙasar yawa, kisa da bindiga ya ninka na ƙasashen Turai nesa ba kusa ba. Wannan ya isa ya ja kunnen masu cewa yawan bindiga shi ne zaman lafiya. Amma abin lura shi ne, Birtaniya da Ostireliya ruwa ne ya kewaye su, gwamnatocinsu suna da rajistar masu lasisi, kuma wanda ya miƙa bindigarsa ya san in ya kira 'yan sanda za su zo. Mutumin Bena ko Ribah ko Dirin Daji da aka ce ya ajiye tasa, wa zai kira? Gwamna Nasir Idris da bakinsa ya fito yana tambayar wanda ya ba da umarnin janye sojojin da aka girke a makarantar Maga jim kaɗan kafin harin. In har gwamna yana irin wannan tambaya, ina ga manomi?

Wannan ya kawo mu ga abin da muke ganin shi ne jakin da aka bari ana dukan taiki. Rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya na shekarar 2019 ya nuna cewa, ya zuwa Disamban 2018, makamai 178,459 ne suka yi ɓatan dabo daga ma'ajiyar 'yan sanda, kuma 88,078 daga cikinsu AK-47 ne. Wannan ba ƙazafin 'yan adawa ba ne, takardar gwamnati ce. Ko da a ce rabin wannan adadi sakacin rubutu ne da rashin iya ajiye lissafi, rabin da ya rage ya isa ya ƙone Arewa. Ban da wannan ga makaman da suka kwararo ta Sahara bayan faɗuwar Gaddafi a 2011, ga kwantenonin bindigogi da jami'an kwastan suka kama a Legas a 2017, fiye da guda 2,000, waɗanda aka yi safararsu daga Turkiyya. Abin da aka kama ke nan. Bugu da ƙari, bindiga ba ta tashi sai da harsashi, harsashin AK-47 kuwa ba a ƙera shi a maƙerar ƙauye. Sau da yawa mukan ji an kama masu safarar albarusai, har da mata, a kan hanyarsu ta zuwa daji, a nuna su a talabijin. Abin da ba mu cika ji ba shi ne sunan wanda ya sayar musu, da kotun da ta yanke masa hukunci. In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari.

Amma fa kada 'yan uwa su ɗauka muna goyon bayan a buɗe kasuwar bindiga kowa ya saya. An yi wannan kira a maƙwabta. Gwamna Masari na Katsina ya yi shi a 2021, gwamnatin Matawalle ta Zamfara ta yi shi a Yunin 2022, har ta ce za ta raba takardun neman lasisi 500 ga kowace masarauta daga cikin masarautu 19. Hukumomin tsaro na tarayya suka ƙi amincewa, kisa kuma ya ci gaba. Waɗanda suka faɗi a Sakaba ba ragwaye ba ne, 'ya'yan ƙasar da ta yi suna wajen ba Nijeriya sojoji ne, kuma da makamansu suka fita. Sai dai mai harbi-ka-ruga, wanda sai ya tsaya ya sake ɗura, ba zai ja da mai bindigar da ke ɗaukar harsashi 30 ba. In kuma aka ce to a ba shi irinta, a yau ɓarawo zai harba, gobe kuma da ita za a raba rigimar gona, da ta gado, da ta zaɓe. Bindiga takan yi shekaru masu yawa ba ta lalace ba, ta kan fi rikicin da aka saye ta dominsa tsawon rai.

Akwai kuma magana mai ɗaci da dole mu faɗa wa kanmu. A Zamfara, kashe Fulani a kasuwanni da hanyoyi ba tare da shari'a ba, da sunan aikin sa kai, yana daga cikin abubuwan da suka rura wutar da yau ta tsallako mana. Malaman fiƙihu ba su yi saɓani ba a kan cewa wanda aka afka wa yana da haƙƙin kare ransa da iyalinsa da dukiyarsa. Haka nan ba su yi saɓani ba a kan cewa zartar da hukuncin ɗan fashi aikin shugaba ne ta hannun alƙali, bayan hujja ta tabbata. Wanda ya tare makiyayi a kasuwa ya yanka shi don kawai harshensa ya yi kama da na ɓarawo, bai kare kowa ba, ya ɗauki alhakin jini ne, ya kuma ƙara wa daji sababbin mayaƙa daga cikin marayun da ya bari.

Saboda haka amsarmu ga muhawarar ita ce, dokar bindiga tana rage kisa a inda hukuma ta fara aiwatar da ita a kan kanta. A 2024 Shugaba Tinubu ya sa hannu a dokar taƙaita yaɗuwar ƙananan makamai, wadda ta ba cibiyar da aka kafa tun 2021 gindin zama. Muna kira ga wakilan Kebbi ta Kudu a Majalisar Tarayya da su matsa wa wannan cibiya ta riƙa bin diddigin lambar kowace bindiga da aka ƙwato a dajin ƙasar Zuru, ta bayyana wa jama'a ma'ajiyar da ta fito, a kuma gurfanar da jami'in da aka damƙa wa amanarta, komai girman muƙaminsa.

A nan gida kuwa, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mafarautanmu da 'yan sa kai su ne suka san daji, kuma ba za a ce su zauna hannu rabbana ba alhali ba a kawo masu maye gurbinsu ba. Katsina ta kafa rundunar tsaron al'umma a 2023, Zamfara ta kafa Askarawa a 2024, dukkansu ƙarƙashin gwamnati. Muna ganin duk mai riƙe da bindiga domin tsaron gari a Zuru da Fakai da Sakaba da Danko/Wasagu, ya kamata sunansa da lambar makaminsa su kasance a littafin hakimi da na 'yan sanda, dagacinsa da shugaban addinin unguwarsu su tsaya masa, a sa Fulanin da aka haifa a ƙasar a cikin tafiyar, kada ya fita aiki sai tare da jami'an tsaro, kuma duk wanda ya kama ya miƙa shi da ransa. Limamanmu na Juma'a su ne suka fi kowa damar isar da wannan magana ga ƙauyuka, muna roƙonsu su ware mata huɗuba guda a cikin wannan wata.