Ɗanƙwairo da Waƙar da Ba a Rubuta da Biro Ba

Makon jiya muna cikin mota daga Gusau za mu Tsafe, direba ya sa waƙar Alhaji Musa Ɗanƙwairo. Ko Kwatarkwashi ba mu kai ba sai wani yaro mai kayan makaranta ya ce, "Malam direba, don Allah a canza mana, wannan ai ta tsofaffi ce." Direba ko waiwaye bai yi ba. Mu dai murmushi muka yi, don shekara biyu da suka wuce da bakinmu za a ji wannan maganar.

Abin da ya sauya mana ra'ayi wani malaminmu ne a jami'a. Ya sa mana waƙar Ɗanƙwairo guda ɗaya har sau uku. Na farko ya ce mu bi kalmomi, na biyu mu bi kiɗa, na uku kuma mu manta da duka biyun mu bi muryoyi kawai. A na ukun nan ne muka gane cewa duk tsawon shekarun nan ji muke yi, ba sauraro ba.

An haifi Musa a ƙasar Bakura a farkon ƙarni na 20, ya rasu a 1991. Kiɗa gadonsa ne. Mahaifinsa Usman Ɗankwanda makaɗi ne a fadar Sarkin Kayan Maradun, kuma Musa ya daɗe yana amshi a bayan mahaifin nasa da yayansa Kurna kafin ya zama jagora. Ya yi wa Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello waƙa, ya yi wa Sarkin Daura Muhammadu Bashar, ga kuma waƙoƙin 'Yandoton Tsafe Alhaji Aliyu waɗanda har gobe ana jin su a tashar mota da shagunan tela. Abin kiɗansa kotso ne, 'yar gangar nan mai baki ɗaya da ake ratayawa a kafaɗa a buga da hannu.

To, ga inda muke so ku tsaya. Waƙar fada tana da gindi, wato layukan da ake komawa gare su a kai a kai, tana kuma da ɗiya, wato sassan da ke ɗauke da yabo da tarihi da zambo. Wannan kowane ɗalibin Hausa ya haddace shi saboda jarrabawa. Abin da littafi ba zai iya jiyar da ku ba shi ne yadda Ɗanƙwairo yake raba aikin. Sau da yawa ba ya ƙarasa magana. Zai ɗauko ta da siririyar muryar nan tasa mai kaifi, ya sake ta a tsakiya, 'yan amshi su cafe kafin ta faɗi ƙasa, su ƙarasa, su ƙara nasu a kai. Suna cikin yi sai ka ji ya sake kutsowa ta samansu da sabon zance. Mutane da yawa ne, amma ba mai taka ƙafar wani, kotso kuma bai ɓata ba.

Wannan ba ya faruwa da ka. Makaɗan fada sukan zauna da yaransu a gida su shirya waƙa, a samo gindi, a gina ɗiya, a yi ta maimaitawa har kowa ya san inda zai shiga da inda zai yi shiru. A Turai mai irin wannan aiki kan rubuta wa kowace murya nata rabon a takarda, kuma sunansa ne ake bugawa a bangon littafi. Ɗanƙwairo kawunan yaransa ne takardarsa. Shi ya sa muke jin haushi idan aka ce makaɗi ai maroƙi ne kawai. Roƙo yana ciki, ba mu musa ba, amma mai roƙo kawai ba ya iya tsara wannan.

Sai dai irin wannan takarda tana mutuwa. A ƙasar Ailan sun taɓa shiga wannan hali. Suna da makaɗan wani abin kiɗa mai tsarkiya da yawa, wanda hotonsa ke jikin tsabar kuɗinsu har yau, kuma su ma gidajen manya suke bi suna yi musu kiɗa. Da aka ga suna ƙarewa, sai a 1792 aka tara waɗanda suka rage a garin Belfas, aka ɗauko wani saurayi mai suna Edward Bunting, ɗan shekara 19, ya zauna yana rubuta abin da suke kaɗawa. Da dama daga cikin waɗannan kiɗe-kiɗe ta hannunsa suka tsira. Shekara 19 fa, kusan sa'an yayyenku na aji shida.

Mu mun fi su sa'a, muna da faifai da kaset, yanzu ga waya. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero, ɗan garin nan, ya shafe shekaru yana tattara tarihin makaɗanmu a littattafai. Amma akwai abin da kaset ba ya faɗa. Su wane ne mutanen da ake kira a cikin waƙar? Da wa ake zambo? Me ya faru ranar da aka fara rera ta? Masu amsar suna zaune a zaurukan Tsafe da Maradun, kuma kullum raguwa suke yi.

Saboda haka ga aikin wannan mako. Ku zaɓi waƙar Ɗanƙwairo ɗaya, ku sa wa kakanku ko wani dattijo a unguwa, ku riƙe biro. Duk sunan da ya gane, ku rubuta abin da ya faɗa a kansa, ku aiko mana tare da sunan makarantarku. Mako mai zuwa, idan Allah ya kai mu, za mu leƙa Rawayya ta ƙasar Bunguɗu, mahaifar Salihu Jankiɗi, Sarkin Taushin Sarkin Musulmi.