Jirgin Kara Ba Shiririta Ba Ne

Bayan girbi, a Gaya da Ajingi, yara kan fere karan dawa, su soka ɓawonsa cikin totuwa, su ƙera jirgin sama har da farfela. Mu 'yan boko kuwa sai mu ce shiririta ce. Kaito! Yaron da ya daidaita fiffike da gangar jirgi, ai lissafin injiniya ya soma. A 2007 Mubarak Abdullahi, ɗalibin Jami'ar Bayero, ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da tarkacen motoci. Kwalejin jiragen sama tana Zariya tun 1964. 'Ya'yan wa za su cika ta? Malaman firamare, ku ba yaran nan ma'auni, ku koya musu awo. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.