Bango ma allo ne: a kai zanen titi makarantun sana'a

A kasuwar Dole ta Damagaram, ko babbar kasuwar Maraɗi, ko tashar Wadata ta Yamai, akwai wasu ma'aikata da kowa ke cin moriyarsu amma ba mai ambatonsu: masu zanen allon shago, da bango, da bayan kamyo. Su ke zana kawuna a ƙofar mai aski, da kaza a rumfar mai gashi. Galibinsu ba su da takardar shaidar karatu. A ɗaya gefen kuma ga matasa da ke koyon tsara talla da kwamfuta, suna kwafo abin da aka zana don idon mutanen Turai. Sau da yawa ɗan kasuwa kan biya jikkuna, a kafa masa allo cunkushe da ƙananan baƙaƙe na Faransanci, wanda ko ɗan kabu-kabun da ya yi lakkwal ba ya iya karantawa kafin ya wuce. Maganin wannan hasara shi ne a shigar da zanen bango cikin darussan makarantun sana'a.

Wasu za su ce ai wannan aikin ƴan iska ne masu ɓata katangar mutane. Maganarsu tana da tushe. A New York ta Amurka, tun farkon shekarun 1970, matasa suka dinga fesa sunayensu a jikin jiragen ƙarƙashin ƙasa, hukuma kuwa ta yi ta yaƙi da su har zuwa 1989, lokacin da ta daina barin jirgi mai zane ya fita aiki. To amma a wannan birni ne Keith Haring, daga 1980, ya riƙa zane da farin alli a kan baƙar takardar da ake rufe allunan talla da ita a tashoshin jirgi. Da yake ƴan sanda na iya kama shi, matafiya kuma na sauri, sai ya koyi faɗin magana da layi kaɗan masu kauri. Da wannan hannu ne daga baya ya zana hotunan yaƙi da wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu da na faɗakarwa game da cutar sida. Haka Shepard Fairey, wanda ya soma da manna ƙananan hotuna a tituna a 1989 yana ɗalibi, shi ya zana sanannen hoton yaƙin neman zaɓen Barack Obama a 2008.

A Afirka ma akwai abin koyi. A Dakar, wajen 1990, matasan unguwanni suka tashi da yunƙurin Set-Setal: suka share magudanan ruwa, suka zana hotunan shehunnai da jarumai da gargaɗin tsabta a bangaye. Daga 2010 birnin ya sami bikin masu zanen bango mai suna Festigraff, kuma da annobar korona ta zo a 2020, masu wannan sana'a suka zana yadda ake wanke hannu da rufe hanci a katangun birnin.

Abin da bango ke koya wa mai zane abu uku ne. Na farko, a gane saƙo daga nesa cikin ƙiftawar ido. Na biyu, a zaɓi launi kaɗan masu jure rana da ƙurar hunturu. Na uku, a yi magana da wanda bai san baƙi ba. Ƴan siyasa sun daɗe da sanin haka: a zaɓen 1993, ɗimbin masu jefa ƙuri'a da launi da alama suka gane jam'iyyarsu. Abin da ya yi wa ɗan takara amfani zai yi wa mai sayar da taki da ma'aikacin rigakafi.

Nijar ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Maginan unguwar Birni ta Damagaram sun daɗe suna ƙawata fuskar gida da dagi da sauran zayyana, har mai wucewa ya san matsayin maigidan tun daga ƙofa. Ɗalibin da aka kai gaban waɗannan gidaje da takarda da fensir zai koma kan kwamfuta da abin da babu shi a cikinta. Ga kuma wata buƙata: a 2025 an ayyana Hausa harshen ƙasa, alhali yawancin salon baƙaƙen da ke cikin na'ura ba su da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, sai a buga "kasa" inda ake nufin "ƙasa". Wanda ya saba fitar da baƙi da buroshi shi ya fi cancanta ya ƙera waɗannan haruffa.

Aikin ba ya buƙatar kuɗi masu yawa. Ma'aikatar da ke kula da koyar da sana'o'i ta ɗauko tsofaffin masu zanen allo su riƙa koyarwa tare da malaman kwamfuta, a biya su kamar kowane malami. Magadan gari su keɓe bangayen kasuwa da filin ƙwallo inda ɗalibai za su yi aiki da izini, wanda kuwa ya ɓata katangar wani ba da yardarsa ba a ci shi tara. Ƴan kasuwa su sayi fenti, a zana musu hajarsu. Kuma kada a ba ɗalibi sakamako a cikin aji: a kafa zanensa a bakin hanya, a tambayi mai tallan fura abin da ta gane. In ta gane, ya ci. In ba ta gane ba, ya koma ya sake, domin gani ya kori ji.