ALMAJIRIN YESU BA ƊAN KASUWA BA NE: magana ga masu sayar muna da addu'a

Maganar yau ta cikin gida ce, ta mu Kiristocin Dakoro da sauran jahar Maraɗi. A fili za mu yi ta, don abin da ya kawo ta ma ba a ɓoye yake ba. Yana yawo cikin salula, daga WhatsApp zuwa Facebook, kowa na ji.

Wani irin wa'azi ne ya shigo muna. Za ka ji murya, wani lokaci da Hausa, wani lokaci da Turanci ana fassarawa, tana cewa talauci la'ana ce, ciwo kuma alamar ƙarancin bangaskiya. Maganin duka biyun, in ji mai muryar, shi ne ka "shuka iri". Irin nan fa ba hatsi ba ne ko wake, kuɗi ne. Ka aika jika biyar, Allah shi mayar maka da ninki ɗari kafin wata ya mutu. A ƙarshen saƙon akwai lambar da za ka tura, ta Nita ko ta Amana. Ga man shafawa cikin kwalba, ga ruwa, ga hankici da anka yi wa addu'a, kowane da kuɗinsa.

Mu dai ga abin da munka gani: jarabar da Yesu Almasihu ya ƙi a jeji ce anka sake wa riga, anka shigo da ita majami'a.

In anka ce jaraba a wa'azin Lahadi, hankalin mutane sai ya tafi ga giya, da zina, da caca. Gaskiya ne, waɗannan sun kashe gidaje da yawa. To amma ku buɗe Matiyu sura 4 da Luka sura 4 ku karanta da kanku. Yesu ya yi kwana 40 a jeji bai ci komai ba. Da Iblis ya zo, bai kawo mishi tulun giya ba, bai kawo mace ba. Abu uku ya kawo. Na farko, ya mayar da duwatsu abinci. Na biyu, ya diro daga ƙololuwar Haikali a Urushalima don mala'iku su tare shi. Na uku, ya karɓi mulkin duniya da darajarta, muddin zai durƙusa mishi. Abinci, da abin mamaki, da girma. Yesu ya ƙi duka ukun.

Yanzu ku ɗauki saƙon mai "shuka iri" ku aza kusa da wannan. Me yake yi muku alkawari? Kuɗi, da mu'ujiza gaban kyamara, da ɗaukaka. Kayan nan uku ne dai, ba a ƙara ko ɗaya ba. Kada kuma wani ya ce ai mutumin aya yake jawowa. A jaraba ta Haikali, Iblis ma da Zabura ta 91 ya zo. Jawo aya ba shi ne shaidar gaskiya ba.

Jarabar farko ita ta fi ƙarfi a nan, don mu mun san yunwa. A 2005 sai da ƙungiyar likitoci ta MSF ta buɗe wurin jinyar yara masu tamowa a cikin Dakoro. Ko shekarar da damina ta yi kyau, tsakanin shuka da girbi rumbu kan yi ƙasa, tiyar hatsi ta hau. A daidai wannan lokacin ne saƙon ke fin daɗin ji. Matar da mijinta ya rasu, ga ɗiya huɗu, ga akuya ɗaya, sai a ce mata ta sayar da akuyar ta shuka kuɗin. In wata ya mutu ba ta ga komai ba, a ce mata bangaskiyarta ce ba ta kai ba. Ta rasa akuya, an kuma ɗora mata laifi. Kai! Wane irin rashin tausayi ne wanga?

Yesu ya ciyar da dubban mutane da gurasa da kifi, bai ce su fara zuba kuɗi cikin kwando ba. Da sunka ƙoshi sunka so naɗa shi sarki, sai ya janye ya hau dutse shi kaɗai. Yana nan a Yahaya sura 6. A addu'ar da ya koya muna ma, abincin yini muke roƙo, tare da roƙon a tsare mu daga jaraba.

Mu zo kan kiran da anka yi muna. Waɗanda sunka fassara Littafi Mai Tsarki da Hausa, wanda ya fito cikakke a 1932, da sunka zo kan mabiyan Yesu, kalmar da kowane Bahaushe ya sani sunka ɗauka: almajirai. Asalinta Larabci ne, daga kalmar mai hijira, wanda ya bar gida. A Dakoro ba sai an yi wa kowa bayanin almajiri ba. Mun san allonsa, mun san ƙwaryarsa, mun san inda yake kwana. Ba uban da ke kai ɗansa wurin malam don yaron ya dawo da mota. Ana kai shi ya zauna gaban malam, ya ji, ya bi, ya sha wuya har ya samu karatu. Wannan sunan ne muke ɗauke da shi.

Ku dubi kuma yadda kiran ya faru. Bitrus da Andarawas masunta ne, tarunsu sunka bari. Matiyu yana zaune wurin karɓar haraji, inda kuɗi ke shiga kullum, ya tashi ya bar teburin. Wani saurayi mai dukiya ya zo, anka ce ya sayar ya ba matalauta, ya juya da baƙin ciki, Yesu bai bi shi yana rage mishi farashi ba. Zakka na Yariko ya raba rabin dukiyarsa, ya kuma yi alkawarin biyan waɗanda ya cuta ninki huɗu. A cikin Bishara, kuɗi daga hannun mai shi yake gangarowa zuwa ga talaka. A wa'azin nan sabo, daga ɗankwalin talaka yake hawa zuwa aljihun mai wa'azi. Wannan kaɗai ya isa mutum ya gane hanyar ba ɗaya ba ce. Abin da Yesu ya ce mai binsa zai ɗauka kuwa gicciye ne, kuma a zamaninsa gicciye itacen kashe mutum ne.

Sayar da baiwar Allah ba yau anka fara ba, kuma Littafi bai raga wa masu yi ba. A Ayyukan Manzanni sura 8, Siman mai sihiri na Samariya ya miƙa wa manzanni kuɗi don ya sayi ikon Ruhu Mai Tsarki, Bitrus ya tsawata mishi da kakkausar murya. A littafin Sarakuna na biyu sura 5, annabi Elisha ya ƙi karɓar ko anini daga Na'aman bayan ya warke daga kuturta. Baransa Gehazi ya bi mutumin a ɓoye ya karɓo azurfa da tufafi, ya ƙare da kuturtar a jikinsa. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Akwai dalilin da ya sa abin ya fi yi muna ciwo a Nijar. Ba mu kai kashi 1 cikin 100 na ƴan ƙasa ba. Mishan ta SIM ta sauka Damagaram a 1924, daga baya ta zo Tsibiri kusa da Maraɗi. Anka buɗe likitar Galmi a 1950, ta kutare a Danja a 1956. Tun wancan lokaci akwai maganar da ake jifan iyayenmu da ita: wai saye su anka yi, wai don magani da lakwal da buhun abinci sunka bi Nasara. Da yawansu kuwa asara sunka yi. Wani dangi sunka guje shi, wani anka hana shi aure, wani ya rasa gado. Shekara ɗari ke nan ana ƙaryata wannan zargi da hali. Sai yau wani ya hau kan mumbari da lasifika yana shelar cewa bin Yesu hanyar kuɗi ce. Duk maƙwabcin da ya ji shi, me zai ce? Zai ce ai daman mun faɗa.

Ku tuna 16 da 17 ga Janairu 2015, bayan zanen jaridar Charlie Hebdo ta Faransa. A Damagaram da Yamai mutum 10 sunka mutu, anka ƙone majami'u da dama, ƴan sanda sun ƙirga 45 a Yamai kaɗai. Ku tuna watan Yuni 2019, da anka sa wa majami'ar Assemblées de Dieu wuta a unguwar Zariya cikin Maraɗi. Masu bi sunka koma sujada cikin toka, ba su ɗauki fansa ba, shugabanninsu sunka yi kiran gafara. Akwai kuma Musulmi da sunka ɓoye maƙwabtansu Kirista cikin gidajensu, ba mu manta ba. Ƙin ramuwa a ranar da zuciya ke tafasa, wannan shi ne cin nasara kan jaraba. To mai "shuka iri" me zai ce wa waɗannan bayin Allah? Bangaskiyarsu ce ba ta kai ba? Ko irin da sunka shuka ne ya yi kaɗan?

Koyarwar nan tana da asali, kuma ba daga Urushalima ta fito ba. A Amurka ta girma, wurin masu wa'azi irin su Oral Roberts, wanda ya yaɗa maganar shuka kuɗi kamar iri, da Kenneth Hagin, dukansu a yankin Tulsa ta jihar Oklahoma. Ta shigo Najeriya da ƙarfi ta hannun Benson Idahosa na birnin Benin, wanda ya rasu a 1998. Daga can ta bazu, yau salula ta kawo ta har ƙauyukan Tarka ba tare da ta tsaya kan iyaka ba. Kuma ba mu ne farkon masu ƙin ta ba. A 2010, a birnin Kef Tawun na Afirka ta Kudu, taron Lausanne ya tara shugabannin ikilisiyoyin bishara wajen 4,000 daga ƙasashe 198, takardar da ta fito daga taron kuma ta yi tir da wannan koyarwa ƙarara. Don haka kada a ce hassadar ƴan ƙauye ce.

Mun san amsoshin da za a ba mu. Za a ce Allah ba ya son mu zauna cikin talauci. Haka ne, mu ma ba mu so. Amma ku dubi yadda anka yaƙe shi a jaharmu. A 1983 wani ma'aikacin SIM a Maraɗi, Tony Rinaudo ɗan Ostareliya, ya fara jan hankalin manoma su daina tumɓuke tohon kututture lokacin sassabe, su zaɓi ƴan rassa su bar su su girma. Manoma, mafi yawansu Musulmi, sunka ɗauka sunka yaɗa. Yau ana maganar hekta wajen miliyan 5 da itatuwa sunka dawo a kudancin Nijar. Ba wanda ya mayar da dutse gurasa rana ɗaya. Mai haƙuri ne ya dafa dutse, shekara da shekaru.

Za a ce baiko umarni ne, fasto ma yana da iyali. Ba mu musa ba. Faston ƙauye da ke noma gonarsa, ya hau tsohon babur ya je jana'iza, ya kwana wurin mara lafiya, haƙƙinsa ne ikilisiya ta riƙe shi, sau da yawa ma abin da ake ba shi bai kai ba. Manzo Bulus kansa da ɗinkin tanti ya riƙa ciyar da kansa a Koranti. Baiko godiya ce da mutum ke yi da yardar ransa. Ranar da anka ce ka ba da kaza don ka samu kaza, an koma ciniki.

Za a ce kada a taɓa shafaffen Allah. Bulus ya tsawata wa Bitrus gaban jama'a a Antakiya. In anka iya gyara Bitrus, wane ne ya fi ƙarfin tambaya?

Za a kuma ce mun tona asirin gida gaban Musulmi. Wane asiri? Saƙon yana cikin salular ɗan kabu-kabu da mai shayi. Su ma suna da masu sayar musu da sa'a da sunan addini, malamansu na gaskiya kuma ba su yi shiru ba. Shirun namu ne zai zama abin kunya.

Ga abin da muke nema. Shugabannin ikilisiyoyi, na EERN da na sauran ɗariku, kada ku ba baƙon mai wa'azi mumbari sai kun san ikilisiyar da ta aiko shi da wanda zai tsaya mishi. Dattawa, ku riƙa karanta lissafin baiko gaban jama'a, abin da ya shigo da inda ya tafi, har dala ɗaya. Zumuntar mata, ku kuka fi sanin gidan da ba a ɗora tukunya ba, ku isa can kafin mai lamba ya isa. Mu da ke aikin rediyo, tallar da ta sa wa addu'a farashi ba ta cancanci iska ba, ko nawa anka biya. Samari kuma, kafin ku tura saƙo gaba, ku buɗe surar ku karanta ta tun daga farko har ƙarshe.

Kai kuma ɗan'uwa, ke ƴar'uwa, in kina da jika biyar kina son ki ba Allah, ga ikilisiyarki da kin san ƙofarta, ga maraya a unguwarku, ga mara lafiya da ya kasa sayen magani, Kirista ne ko Musulmi. Duk wanda ya ce sai kin biya shi kafin Allah shi ji kukanki, ki tambaye shi sura da ayar da Yesu ya karɓi kuɗin warkarwa. Ki jira amsa, kada ki tura komai sai ya nuna miki.

Allah shi tsare mu daga jaraba, shi ba mu damina mai albarka, shi zaunar da Dakoro da Nijar lafiya. Amin.